Sergei Ignashevich: dattijon da ya tsare bayan Rasha, da yadda ta kaya da shi a aikin koci

Duk wanda ya bibiyi Ahmed Musa lokacin da yake CSKA Moscow zai tuna da wani dogon Bature mai lamba 4, wanda ba ya yawan gudu, ba ya hayaniya, amma da wuya ƙwallo ta wuce shi. Wannan shi ne Sergei Ignashevich, mutumin da ya buga wa tawagar Rasha wasa 127. Tunda ya rataye takalmi a 2018 labarinsa ya yi ƙasa a gidajen kallonmu, musamman da yake an dakatar da Rasha daga wasannin FIFA da UEFA tun watan Fabrairun 2022. To wane ne shi, me ya yi a fili, kuma ina aka kwana da aikinsa na koci?

An haife shi a birnin Mosko ranar 14 ga Yulin 1979. Bai fara da babbar ƙungiya ba. Ya fito daga makarantar horar da yara ta Torpedo, ya buga a ƙaramar ƙungiyar Znamya Truda, daga nan ya wuce Krylia Sovetov ta birnin Samara. A 2001 ne Lokomotiv Moscow ta ɗauke shi, kuma a 2002 ya ci gasar Rasha da ita. A shekarar sai da aka yi wasan raba gardama tsakanin Lokomotiv da CSKA saboda makinsu ya zo ɗaya, Lokomotiv ta yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi. Abin mamaki, ƙungiyar da ya hana kofin ita ce ta zame masa gida. Ya koma CSKA a kakar 2004, ya zauna a can har ƙarshen wasansa.

A CSKA ya haɗu da tagwayen nan, Aleksei da Vasili Berezutski, da kuma gola Igor Akinfeev. Su huɗun nan suka riƙe bayan ƙungiyar, suka riƙe na ƙasa, fiye da shekara goma. A ƙwallon yau da ake sayar da ɗan wasa bayan kaka biyu, samun irin wannan zama abu ne mai wuya. Amfaninsa kuwa a fili yake: kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun kafin ƙwallo ta taso, ba sai an yi ta ihu ana nuni da hannu ba.

Babbar ranarsu ita ce 18 ga Mayun 2005, wasan ƙarshe na kofin UEFA, wanda yanzu ake kira Europa. An buga shi a Lisbon, a filin Sporting, kuma da Sporting ɗin aka kara. Wato dai an bi mai gida har ɗakinsa. Sporting ce ta fara ci kafin hutun rabin lokaci, amma da aka dawo Aleksei Berezutski ya farke, Yuri Zhirkov ya ƙara, Vagner Love ya rufe, aka tashi 3-1. Wannan ne karon farko da wata ƙungiyar Rasha ta ɗauki babban kofin Turai. Akwai ɗan Najeriya a cikin waɗanda suka buga a ranar, Chidi Odiah, wanda ke riƙe da gefen dama.

Ahmed Musa ya iso ƙungiyar a watan Janairun 2012 daga VVV-Venlo ta Holan, lokacin koci Leonid Slutsky. Tare suka ci gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. Musa na gaba yana tsere da ƙwallo, dattijo na baya yana gadin gida. Idan aka haɗa da na 2005 da 2006 da kuma na Lokomotiv, Ignashevich ya ɗaga kofin gasar sau shida.

Me ya sa ya daɗe haka? Mai tsaron baya iri biyu ne. Akwai wanda ya dogara da gudu da ƙarfin ƙirji, irin wannan da zarar shekaru sun ja sai ka ga yara na wuce shi kamar yana tsaye. Akwai kuma mai karanta wasa, wanda ke lura da ƙafar mai bayar da ƙwallo da kafaɗar mai karɓa, ya riga kowa isa wurin. Ignashevich na cikin kashi na biyu. Ga iya ƙwallon sama, ga kuma ƙafa mai nauyi a bugun tazara, abin da ya sa yake cin ƙwallaye duk da a baya yake wasa.

A tawagar ƙasa ya fara a 2002. Yana cikin waɗanda Guus Hiddink ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2008, inda suka fitar da Holan da ci 3-1 kafin Sifaniya ta tare su. A 2015 ya wuce tarihin Viktor Onopko na wasa 109. Bayan gasar Turai ta 2016 da Rasha ta sha kunya, ya daina buga wa ƙasa, kowa ya ɗauka shi ke nan.

Sai ga Kofin Duniya na 2018 a gida, rauni kuma ya yi wa masu tsaron bayan Rasha ɗauki ɗaiɗai. Georgi Dzhikiya ya ji ciwo a gwiwa, Viktor Vasin ma haka, daga baya Ruslan Kambolov ya bi sahu. Koci Stanislav Cherchesov ya waiwayi tsohon hannu, aka kira Ignashevich yana da shekara 38. Ya buga duka wasanni biyar da Rasha ta yi.

Wasan da ba za a manta ba shi ne na Sifaniya ranar 1 ga Yuli a filin Luzhniki. Minti 12 da farawa, yana kokawa da Sergio Ramos a bakin raga, ƙwallo ta bugi dunduniyarsa ta shige. Ya ci gida a gaban dubban 'yan ƙasarsa. Wani da tuni gwiwarsa ta yi sanyi. Shi kuwa ya miƙe ya ci gaba da tsara layin mutum biyar a baya. Artem Dzyuba ya farke da fanareti, Sifaniya ta yi ta zagaye da ƙwallo, ta ba da fasin fiye da dubu, amma ƙofa ta ƙi buɗuwa har minti 120. Da aka zo bugun fanareti, dattijon da ya ci gida ya fito ya buga nasa ya ci, Akinfeev ya tare na Koke da na Iago Aspas, Rasha ta wuce. Ranar 7 ga Yuli a Sochi, Croatia ta fitar da su a fanareti bayan an tashi 2-2. Nan ma ya ci nasa, kuma a daren ya sanar da cewa ya bar ƙwallo, saura mako guda ya cika 39.

Aikin koci kuwa bai zo masa da sauƙin da wasa ya zo ba. Ya fara da matasan CSKA, sannan a 2019 ya karɓi Torpedo Moscow, gidan da ya rene shi, tana gasar rukuni na biyu. An ɗauke shi ne don ya hau da ita babbar gasa. Annobar korona ta katse kakar farko, aka hau da Rotor da Khimki, Torpedo ta zauna. A watan Maris na 2021 aka raba gari.

A ƙarshen shekarar ya koma Baltika ta Kaliningrad. Wannan yanki ne na Rasha da ke yanke daga sauran ƙasar, tsakanin Poland da Lithuania, don haka duk wasan waje tafiya ce mai nisa. A nan ne ya nuna yana da abin bayarwa. A 2023 Baltika ta zo ta biyu a bayan Rubin Kazan, ta hau babbar gasa karon farko tun 1998. Shekara 25 mutanen garin suna jira.

Daɗin bai daɗe ba. Ƙungiya mai ƙaramin aljihu ta kasa jure wa manya, ta sake faɗowa a 2024. Amma a wannan kakar dai ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na Rasha, har ta fara cin Zenit a Luzhniki kafin a juye mata wasan a tashi 2-1. A farkon kakar da ta biyo baya ya bar ƙungiyar.

Masu gardama a gidan kallo sukan ce babban ɗan wasa ba ya zama babban koci. Labarin Ignashevich bai yanke wannan gardama ba tukuna. Lokacin da yake fili, idan ya hango haɗari da ƙafarsa yake zuwa ya kashe wutar. A bakin layi kuwa sai dai ya hango ya faɗa, ya jira yaron da bai kai shi gani ba ya aiwatar. Duk da haka, wanda ya hau da Baltika bayan shekara 25, ya kuma kai ta wasan ƙarshe na kofi, ba za a ce suna kawai ya ci ba.