Saƙar 'Yar Jaka Mai Zariya da Ragowar Zaren Safa

Gabatarwa

Duk macen da ta gama saƙa safa da hannu takan tarar ɗan dunƙulen zare ya rage mata, wanda bai isa wata safar ba, kuma ya fi ƙarfin a zubar. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake mayar da irin wannan ragowa ta zama 'yar jaka mai zariya wadda ake sa kyauta a ciki, ta kuma nuna dalilin da ya sa jakar ta fi sauran kayan saƙa dacewa da ragowar. Saƙar da ake nufi a nan ita ce ta tsinke, watau wadda ake yin hulunan jarirai da rigunan sanyi da ita, ban da ta kwarashi da ta masaƙa.

Asalin Saƙar da Irin Zaren

Safa da jaka sun daɗe tare a tarihin wannan sana'a. Daga cikin kayan saƙar tsinke mafiya daɗewa da aka tono akwai safar auduga ta ƙasar Masar, ta tsakanin ƙarni na 11 da na 13. Haka kuma a garin Siyon na ƙasar Suwizalan an adana waɗansu 'yan jakunkunan siliki masu zariya da aka saƙa a ƙarni na 14, waɗanda coci ya riƙa ajiye kayan tsarkakansa a ciki.

Zaren safa na masana'antun Turai siriri ne, kuma galibi kashi 75 cikin ɗari gashin tumaki ne, sauran kashi 25 kuwa nailan. Gashin ne ke ba da ɗumi, nailan kuma shi ke hana dunduniya saurin cinyewa. Ana sayar da shi dunƙule-dunƙule na giram 100, mai tsawon kimanin mita 400, alhali kuwa safar babban mutum ba kasafai take cinye dunƙule guda ba. Daga nan ragowar take fitowa.

Dalilin Zaɓen Jaka

Safa tana da ƙa'ida biyu: tilas ta yi daidai da ƙafa, tilas kuma ta yi kama da 'yar'uwarta. Jaka kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Idan zare ya yi yawa sai a ƙara mata tsawo, idan ya kasa sai a rufe ta da wuri, ko a ɗora wani launin ya zama ratsi. Bugu da ƙari, sirantar zaren takan sa saƙar ta matse, har ƙaramin abu kamar zobe ko 'yan kunne ba zai zurare ba. Giram 15 ya isa jaka mai faɗin santimita 10 da tsawon 12.

Yadda Ake Saƙa Ta

Ana bukatar tsinkaye biyar masu tsini a kowane ɓangare, masu kaurin milimita biyu da rabi. Kowace zargiyar zare da ke kan tsinke za a kira ta ido a wannan bayani. Da farko za a ɗora ido 64, a raba su goma sha shida-shida a kan tsinkaye huɗu, a haɗa su zobe, a riƙa zagayawa da na biyar ɗin. Da yake saƙa ta bai-ɗaya takan naɗe a baki, sai a fara da zagaye shida na irin saƙar bakin safa, wadda ba ta naɗewa.

Bayan nan sai layin hudoji, inda zariya za ta bi. Za a saƙa ido biyu, a naɗa zare sau ɗaya a kan tsinke, sa'an nan a haɗe ido biyu a saƙa su tare. Naɗin nan shi ke zama huda, haɗin kuwa shi ke hana adadin idanun ƙaruwa. Idan aka maimaita haka har ƙarshen zagayen za a sami huda 16. Wajibi ne adadin ya rabu biyu daidai, domin bakin zariya biyu su fito ta fuska guda.

Daga nan a ci gaba da zagayawa har tsawon ya kai yadda ake so. Wajen rufe gindi, ana rage ido takwas a zagaye ɗaya, a tsallake ɗaya, kamar yadda ake rufe tsakar hula, har saura takwas. Sai a yanke zare, a zura shi cikinsu da allura, a ja a ƙulle ta ciki. Zariyar kuwa tufka ta ake yi kamar igiya. An fi son guda biyu, kowace a zura ta daga gefe dabam, domin idan an ja su bakin ya tsuke lokaci guda.

Abubuwan Lura

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa zare mai kauri da siriri, domin jakar takan kumbura a wani wuri ta tsuke a wani. Har wa yau, mafi yawan abin da ake kira ulu a kasuwannin ƙasar Hausa zaren roba ne, kuma ya fi zaren safa kauri, saboda haka mai amfani da shi sai ta nemi tsinke mai kauri ta rage ido zuwa 40 ko 32. Gashin tumaki kuma ba ya son ruwan zafi da cuɗa, yakan tsuke ya dunƙule, sai dai a wanke shi a hankali da ruwan sanyi.

Kammalawa

An ga cewa abin da ya sa wannan jaka ta dace da ragowa shi ne girmanta yana bin yawan zaren da ke hannu. Takardar naɗe kyauta yage ta ake yi a yar, jakar kuwa takan zauna shekaru ana ajiye carbi ko turare ko kuɗi a cikinta. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika, kuma mai saƙar da ta saba tara guntayen zarenta ba za ta rasa abin kai wa gidan suna ko na biki ba.