Ƙanzon Da Ke Taruwa A Cikin Sigarin Lantarki

Duk wanda ya taɓa amfani da fitilar ƙwai ko risho ya san muhimmancin lagwani. Da zarar ya yi baƙi ya ƙandare, sai haske ya dushe, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki. Sigarin lantarki, wanda a 'yan shekarun nan ake ganin sa a hannun wasu matasa a manyan biranenmu, shi ma da lagwani yake aiki, kuma dattin da ke kama wannan lagwani ya wuce batun ƙazanta kawai, domin yana sauya irin sinadaran da mai zuƙa ke turawa cikin huhunsa.

Tun a shekarar 1965 wani Ba'amurke mai suna Herbert Gilbert ya sami takardar mallakar fasahar wani sigari maras hayaƙi, amma abin bai shiga kasuwa ba. Sai a 2003 ne Hon Lik, wani masanin harhaɗa magunguna a ƙasar Sin, ya ƙera irin wanda ya yaɗu, aka fara sayar da shi a can a 2004. A yau mafi yawan waɗannan na'urori daga masana'antun birnin Shenzhen suke fitowa.

Na'urar sassa uku gare ta: batir, da ɗan tankin ruwa, da kuma wani ɗan sashe da ake kira atomaiza, wanda shi ne murhunta. A cikin wannan murhu akwai wata siririyar waya naɗaɗɗiya, wadda masu sayarwa ke kira kwayil, an zura mata auduga a tsakiya. Akan yi wayar da gaurayen ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, ko gaurayen nikel da kuromiyam, ko kuma ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Auduga ta jawo ruwa daga tanki kamar yadda lagwani ke jawo kananzir, wayar ta yi zafi irin na hitar dafa ruwa, ruwan kuma ya tashi ya zama hazo na ƙananan ɗigo. Shi kuwa ruwan, yawancinsa sinadarai biyu ne, wato gilisarin da furofilin gilaikol, sai nikotin da kayan ƙamshi da na zaƙi.

To, daga ina ƙanzo yake zuwa? Furofilin gilaikol yana tafasa a kusan digiri 188 na ma'aunin Selshiyos, gilisarin kuwa sai ya kai digiri 290. Waɗannan biyu suna tashi su tafi. Amma wasu kayan zaƙi da na launi ba sa tashi. Sai su zauna a jikin waya su dahu, su sake dahuwa, har su zama baƙin ɓawo mai danƙo, tamkar ƙanzon da ke kama gindin tukunya. Sinadarin zaƙin nan da ake kira sukuralos ya fi ƙaurin suna a nan, domin yana fara wargajewa tun kafin zafi ya kai inda sauran ruwan zai tafasa, kuma wargajewar tasa tana iya sakin sinadarai masu ɗauke da kulorin. Shi ya sa ruwa mai duhun launi da yawan zaƙi ke kashe kwayil cikin 'yan kwanaki, alhali maras zaƙi kan bar shi ya kai mako biyu ko fiye.

Abin lura a nan shi ne yadda ƙanzon ke dagula lissafin zafi. Mai karatu zai tuna cewa tukunyar da ke da ruwa a ciki ba ta ƙonewa komai ƙarfin wuta, saboda ruwan da ke tafasa yana kwashe zafin ya tafi da shi cikin tururi. Sai ruwa ya ƙafe ne gindinta ke yin ja. Haka abin yake a cikin atomaiza. Muddin auduga tana jiƙe, zafin waya ba ya yin nisa da inda ruwan ke tafasa. Idan ƙanzo ya taru, sai ya yi ɓarna ta fuska biyu: ya toshe ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi cikin zaren auduga, ya kuma shiga tsakanin waya da ruwa kamar bargo. Hazo sai ya ragu. Mai na'ura kuwa, da ya ga haka, abin da yakan yi shi ne ya ƙara ƙarfin wuta, wanda hakan ƙara wa Barno dawaki ne, domin ƙarin zafin sabon ƙanzo yake haifarwa.

Ƙarfin wutar ba ƙarami ba ne idan aka dubi ƙanƙantar wayar. Dokar lissafinsa ita ce a ninka bolt da kansa, a raba da turjiyar waya. Batir mai bolt 3.7 a kan waya mai turjiyar om 1.5 zai ba da kimanin wat 9. Idan turjiyar ta sauko zuwa om 0.25, kamar yadda take a manyan na'urori, ƙarfin zai kai kusan wat 55, duk a kan 'yar wayar da ba ta kai farcen ɗan yatsa girma ba. Idan irin wannan wuta ta sami busasshiyar auduga, nan take sai ta babbake.

A wannan zafi gilisarin ba tafasa kawai yake yi ba, karyewa yake yi. Yakan rasa ruwan jikinsa ya koma akurolin, wato sinadarin nan mai yaji da ke sa hawaye idan man suya ya ƙone a kasko. Akan kuma sami fomaldihaid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa ta sanya shi a 2004 cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. A 2015 wasu masana na Jami'ar Jihar Portland a Amurka sun wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa sun sami sinadarai masu sakin fomaldihaid da yawa a lokacin da suka kunna wata na'ura a bolt 5, ba su kuma same su a bolt 3.3 ba. Wasu masana sun soki aikin, suka ce babu mai iya jure ɗacin irin wannan zuƙa, balle ya ci gaba da ita. Sukar tana da hujja. Sai dai duka ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa zafin da ya wuce kima shi ne tushen matsalar, kuma kwayil mai ƙanzo hanya ce mafi sauƙi ta isa wurin.

Akwai kuma batun ƙarafa. A 2018 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun auna na'urorin mutum 56, suka tarar cewa ruwan da ya zauna a tanki tare da kwayil, da hazon da ke fita, sun fi ruwan da ke cikin kwalbarsa ta asali yawan kuromiyam da nikel da manganis da dalma. Wato ita kanta wayar tana zaizayewa sannu a hankali.

Wannan shi ne dalilin da ya sa wanki yake da iyaka. Tanki da bakin zuƙa da sauran sassan gilashi ko ƙarfe suna wankuwa sarai. Akan raba su da batir tukuna, a kwance su, a cire zobban roba a ajiye gefe, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba idan tankin na roba ne. Ƙamshin da ya ƙi fita yakan saki idan an jiƙa sassan cikin tsabtataccen sinadarin itanol, sannan a sake ɗauraya. Kananzir da fetur ba su da wuri a wannan aiki, haka nan sifirit ɗin da aka gauraya da mitanol, domin duk abin da ya rage a ciki huhu zai nufa. A bar komai ya bushe ƙayau kafin a mayar. Ramin da atomaiza ke haɗuwa da batir kuwa, busasshiyar auduga ta isa. Ruwan da ya malala can tare da ƙurar hunturu yakan hana wuta wucewa daidai. Zafin bazara ma yana da nasa, domin yana tsinka ruwan ya sa tanki yoyo, kuma batirin litiyam ba ya son a bar shi a rufaffiyar mota cikin rana, ko a cikin aljihu tare da makullai.

Amma kwayil irin wanda ake sayarwa a rufe, da audugarsa a ciki, ba ya wankuwa a zahiri. Ruwa zai iya kwashe ɗan zaƙin da bai ƙandare ba, amma audugar da ta ƙone ta ƙone ke nan, ba a mayar da gawayi auduga. Alamun ƙarewarsa su ne ɗanɗanon ƙauri, da raguwar hazo, da ruwan tanki ya riƙa yin duhu. Sauyawa ce kawai magani. Shi ma sabon, idan aka kunna shi auduga na bushe, a zuƙar farko zai lalace. Dole ne a ɗiga masa ruwa, a cika tanki, a jira kamar minti biyar zuwa goma.

Masu naɗa wayarsu da hannu suna da wata al'ada ta cire auduga su kunna wayar tsirara har ta yi ja, don ƙanzo ya zama toka. Ƙanzon yana tafiya, gaskiya ne, amma masana ilmin ƙarafa sun yi gargaɗin cewa irin wannan gashi yana iya farfasa siririn ɓawon da ke kare fuskar waya, ya buɗe hanya ga ɓarɓashin ƙarfe. A ganina, wanda ya nace sai ya yi, to ya yi shi da ƙaramar wuta, a taƙaice, ya kuma ɗauraye ya goge. Wayar nikel zalla da ta taitaniyam kuwa ba a yi musu haka sam.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tsabtatacciyar na'ura lafiyayya ce. A Ingila hukumomin lafiya na ganin ta fi sigari sauƙin illa ga wanda ya riga ya kamu da shan taba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fi nuna damuwa game da matasan da ke fara shan nikotin ta wannan hanya, ita kuma Indiya ta haramta na'urar baki ɗaya a 2019. Nikotin ɗin da ke cikin tanki yana nan da ƙarfinsa komai wanki, kuma yana ratsa fata, don haka mai wanki ya sa safar hannu ta roba, ya zubar da ruwan ɗauraya a magudana, ya kuma ɗaga kwalaben sama nesa da yara. Ƙamshin mangwaro ko na alewa da ke tashi daga kwalbar yakan ruɗi ƙaramin yaro, ga shi kuma kurɓi kaɗan na irin ruwan mai ƙarfi ya isa ya kai shi asibiti.