Don An Tanka Maka, Ba A Toshe Maka Baki Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a shafukan Facebook da X da TikTok na mutanenmu, kuma ta kai ni maƙura. Mutum zai wayi gari ya zazzaga wa wata ƙabila, ko mata, ko naƙasassu cin mutunci. Da jama'a sun yi masa ca, sai ya koma gefe yana kukan an tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki. Wanda ya ɗan yi boko a cikinsu har ƙarin bayani yake yi, wai irin cutar da ta kama Turawa ce ake son shigo mana da ita, abin da suke kira daidaiton siyasa, wai wata doka ce da ta hana kowa faɗin gaskiya a Amurka.

To, babu wannan doka, kuma ba a taɓa kafa ta ba.

A taƙaice, abin da ake nufi da daidaiton siyasa shi ne tauna magana don kada a muzanta wani rukuni na mutane. Lafazin ya fara yawo ne a shekarun 1930 da 1940 a tsakanin masu ra'ayin gurguzu, inda ake zolayar wanda ke bin duk abin da jam'iyyar Stalin ta faɗa ido rufe. A shekarun 1970 'yan gwagwarmayar haƙƙin mata da na baƙaƙen fata a Amurka suka riƙa tsokanar junansu da shi idan wani ya cika zaƙewa. Daga baya ne masu ra'ayin riƙau suka ɗauke shi suka mayar makami. A 1987 Allan Bloom ya fitar da littafin da ya caccaki jami'o'in Amurka, a Oktoban 1990 Richard Bernstein ya yi wani rubutu a jaridar New York Times da ya watsa lafazin, sannan a Mayun 1991 Shugaba George Bush babba ya tsaya a Jami'ar Michigan ya yi tir da abin. Ko Donald Trump a muhawarar 2015 da wannan sandar ya kare kansa lokacin da aka tambaye shi kalaman da ya yi a kan mata. Duk tsawon wannan tarihi, ba majalisar da ta zauna ta zartar da wani abu mai wannan suna. Zargi ne da ake jifan abokin hamayya da shi.

Ba ina cewa ƙorafin ba shi da tushe ba. Jami'o'i sun kafa ƙa'idojin magana, an hana baƙi yin lacca da ihu, wasu sun rasa aiki kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, kuma taron dangi a kan mutum ɗaya mugun abu ne ko a ina. Amma a duba yadda ta kaya da aka je gaban alƙali. Ita kanta Jami'ar Michigan ta kafa irin wannan ƙa'ida, kotun tarayya ta soke ta a 1989 saboda ta saɓa wa tsarin mulki.

Dalili kuwa shi ne gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ya ɗaure hannun gwamnati daga taƙaita magana. A 1969 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke wa Clarence Brandenburg, wani jagoran ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata, ta ce ba a hukunta magana sai in an yi ta don tunzura ɓarna nan take, kuma da alamar ɓarnar za ta auku. A ƙarshen shekarun 1970 kotuna suka ba 'yan Nazi damar yin maci a Skokie, wani gari kusa da Chicago mai cike da Yahudawan da suka tsira daga kisan Hitler, kuma lauyan da ya tsaya musu Bayahude ne. A 2011 alƙalai 8 cikin 9 suka goyi bayan wata coci da ke zanga-zanga da munanan kalamai a wurin jana'izar sojoji. Ƙasar da ake cewa doka ta ɗinke bakin kowa ke nan!

Sai dai ga inda masu kukan namu ba sa son a je. Wannan kariya daga gwamnati ce kawai. Ba ta hana kamfanin da kake wa aiki ya sallame ka ba, ba ta tilasta wa jarida buga rubutunka ba, ba ta hana Facebook rufe shafinka ba, balle ta hana maƙwabcinka ce maka ka yi ƙarya. Shi ma da ya mayar maka da martani, nasa 'yancin yake amfani da shi. Mai cewa a bar shi ya faɗi son ransa kuma kada kowa ya ce uffan, bakin sauran mutane yake so a toshe.

Wasu kuma sukan juya zancen su ce ai a Turai kowa na faɗin abin da ya ga dama. Nan ma ba haka ba ne. A Jamus musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa na iya jawo ɗaurin shekara 5. Faransa ta yi irin wannan doka a 1990. A 2006 wata kotu a Ostiriya ta yanke wa marubucin Ingila David Irving shekara 3 a kan haka. Musulmi da yawa na tambaya: yaya aka kare wannan ciwon da doka, amma aka kira zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da aka yi a Denmak a 2005 'yanci? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni ban ga amsar da ta gamsar da ni ba. Denmark ɗin ma a Disambar 2023 ta haramta wulaƙanta littattafai masu tsarki a bainar jama'a. Kowace ƙasa tana shata iyaka, rigimar a kan inda za a shata ta ne.

Mu a Nijeriya sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita shi. Mun kuma san ainihin toshe baki. A 1984 an ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, ƙarƙashin dokar soja mai lamba 4. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta rufe Twitter, daga baya kuma kotun ECOWAS ta ce hakan ya saɓa doka. An sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Abin haushi, da yawa daga masu kururuwa don an yi musu raddi a Facebook ba a jin ɗuriyarsu idan aka kama ɗan jarida.

Don haka kafin ka ce an tauye ka, tambayi kanka wa ya taɓa ka. In 'yan sanda ne suka zo, ko wani mai mulki ya sa aka tsare ka kan ra'ayi, nemi lauya, ka sanar da ƙungiyar 'yan jarida ko ta kare haƙƙin ɗan'adam, ka kuma adana hoton abin da ka rubuta da ranar da ka rubuta shi. In mutane ne suka yi maka raddi, ko ka kawo hujja ko ka janye. Ka bambance sukar aiki da taɓa mutunci: cewa gwamna bai gyara asibiti ba haƙƙinka ne, amma jingina wa wani sata ko zina ba shaida ɓata suna ne a dokar ƙasa, a Shari'a kuma ƙazafin zina bulala 80 ne. Kada ka ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabilarsa ko addininsa. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda da kiran Tutsi kyankyasai ya share fagen kisan 1994. In mutane sun ce ga sunan da suka fi so a kira su da shi, kamar yadda gidajen rediyonmu suka koma cewa masu buƙata ta musamman ko masu lalurar ƙwaƙwalwa, kira su da shi, ba abin da zai rage ka da shi. Kai kuma mai raddi, tsaya a kan maganar da aka yi. Kada ka watsa lambar wayar mutum ko hoton gidansa, kada ka shigo da iyayensa da matarsa, kuma in ya fito ya ba da haƙuri, ka ƙyale shi haka nan.