Yini guda da mai haɗa ƙofa a Sokoban

Tun kafin ka shiga Sokoban Wood Village a Kumasi, ƙarar injin yanka katako za ta tarye ka. Nan aka mayar da kafintocin Anloga lokacin da aka zo gina sabuwar hanya. Na je ne ganin wani tsohon ɗalibina, ɗan zango, wanda ya tsaya da karatu bayan jarrabawar BECE, yanzu yana haɗa ƙofofi a wata ƙaramar masana'anta.

Shi ba ya yanka, ba ya fenti. Ana kawo masa katako an riga an goge: dogaye biyu na gefe, gajeru na kwance, da allunan tsakiya. Aikinsa ya shafa gam a bakin kowane katako, ya cusa shi cikin raminsa, ya buga da guduma, sannan ya matse da ƙarfe har gam ya kama.

Na ga ya ɗauki tef ya auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ya sake auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo daidai ba, ƙofa ta karkace ke nan, ba za ta rufu ba. Sai dariya ta kama ni, don wannan lissafin ne na yi ta fama da shi a aji yana gyangyaɗi.

Allunan tsakiya kuwa ba ya sa musu gam. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. In an ɗaure shi tamau, tsagewa zai yi. Ya nuna mini odum, mai nauyi da tsada, wanda gara ba ta cika ci ba, da wawa, mai sauƙi da araha.

Aikin da wahalarsa. Ƙurar odum tana kama ƙirji, tana sa ƙaiƙayi, kuma kaɗan ne na gani da takunkumi a hanci. Ga kuma ƙofofin ƙarfe na Chana da Turkiyya sun cika kasuwa.

Amma abin da ya fi damuna daban ne. Shekara biyu yana wurin, bai taɓa yin ƙofa tun daga ɗanyen katako har ƙarshe ba. Ranar da aka rage ma'aikata, da me zai fita?

Iyaye, in za ku kai yaro, ku zauna da maigidan tukuna. Ku nemi a riƙa zagayawa da shi wajen yanka, gogewa da fenti, kuma a bar shi ya zauna jarrabawar sana'a ya sami takarda. Kuɗin yini yana ƙarewa da yini, sana'a kuwa tana bin mai ita duk inda ya je.

Da zan tafi, ya roƙe ni in kawo masa tsohon littafin lissafi. Na yi alkawari, in sha Allahu ranar Asabar.