Kwarkwatar kifin bakin teku ba ta kama mutum, amma raunin da take bari abin lura ne

Ma'aikacin da aiki ya kai Kalaba, Fatakwal ko Legas ba kasafai yake dawowa Abuja ba tare da ya ɗanɗani farfesun kifin can ba, wani ma har ya ƙullo banda a matsayin tsaraba. Wanda aka fi nema shi ne dangin tarwaɗar nan mai launin azurfa da Yarabawa ke kira obokun, wadda ke rayuwa a inda ruwan kogi ke gaurayuwa da gishirin teku, kamar tafkin Legas da bakin kogin Kuros Riba. Ta sha bamban da tarwaɗar kiwo da ake nuna wa mai gashi a barikin Mogadishu.

Kifi ne marar ɓawo, fata ce kawai da yauƙi, don haka ƙwari ke samun wurin maƙalewa. Akwai Argulus, wato kwarkwatar kifi, mai faɗi kamar ƙaramin faifai, da ke huda fata tana tsotsa. Akwai Ergasilus da ke kafa ƙugiyoyinta a jan naman da kifi ke numfashi da shi, akwai kuma matsattsaku. Ganinsu kan sa uwargida ta zubar da kifin baki ɗaya, alhali waɗannan halittu ba sa iya rayuwa a jikin ɗan Adam. Wanki da dahuwa sun gama da su.

Matsalar tana wajen ramukan da suka bari. Ta nan ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas da Vibrio, waɗanda ruwa mai ɗumi ke raya su, ke shiga naman, kifin ya yi saurin lalacewa, musamman idan ya yini a kwale-kwale babu ƙanƙara. Wanda ya ci shi bai dahu ba yana iya kamuwa da gudawa da amai. Mai gyaran kifi ma bai tsira ba: ƙayar da ke baya da gefen obokun na da kaifi, idan ta soki hannu ciwon na iya ruɓewa, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ciwon suga ko na hanta. Tsutsotsin da ke iya kama mutum kuwa a ciki suke ɓuya, cikin hanji da tsoka, inda ido bai cika kaiwa ba. Zafin digiri 63 a ma'aunin Salsiyos har tsakiyar nama yana kashe su. Gashin da ya ƙone waje ya bar ciki da jini ba ya yi.

Banda na da nata aibin. Wasu 'yan kasuwa na fesa mata maganin ƙwari don hana ta tsutsa, kuma irin wannan amfani na cikin abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai game da Sniper, wanda ta taƙaita sayar da shi a 2019. Tafasa ba ta ba da tabbacin kawar da guba.

Mai saye a kasuwar kifi ta Kado ya ɗaga murfin kunnen kifi ya duba: ja mai haske ake so, ba toka-toka mai wari ba. Kifin da fatarsa ke da gyambo ko cikinsa ya kumbura, a bar wa mai shi kayansa.