FASHIN BAƘI: Yadda agwagwar teku ke kare sheƙarta, da yadda manufofin gwamnatoci suka sauya mata maƙiya

A ranar 23 ga Afrilu, 2020, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa ƙasar Finlan ta karya dokar kare tsuntsaye ta ƙungiyar, saboda tun 2011 mahukuntan tsibiran Aland, yankin ƙasar mai cin gashin kansa, suna bai wa mafarauta izinin harbin mazan wata agwagwar teku a lokacin da take shirin haihuwa. Agwagwar ita ce eida, wadda ta fi kowace agwagwa girma a arewacin duniya. Abin da ya kai ta gaban alƙalai shi ne raguwar da take yi a Tekun Baltik, kuma babban ɓangare na wannan raguwar yana faruwa ne a kan sheƙa, inda uwa ke kwanci.

Azumin kwana 26

Macen eida tana yin sheƙarta a ƙasa, galibi a ƙananan tsibirai inda dabbobin tudu ba sa isa cikin sauƙi. Takan saka ƙwai huɗu zuwa biyar, ta fige lallausan gashin ƙirjinta ta shimfiɗa musu. Da kwanci ya kankama sai namijin ya koma teku, ya bar mata aikin ita kaɗai.

Kwancin yakan ɗauki kimanin kwana 26, kuma a tsawon wannan lokaci kusan ba ta cin komai. Takan tashi jefi-jefi ta sha ruwa, ta dawo. Kafin ƙwan ya ƙyanƙyashe tana iya rasa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin jikinta. Wannan azumi shi ne garkuwarta ta farko, domin hankaki da manyan tsuntsayen teku da ake kira gal suna shawagi ne suna jiran sheƙar da aka bari ba mai tsaro. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, amma eida ba gudu take yi ba, lafewa take yi. Gashinta ruwan ƙasa ne mai zane-zane da ke sajewa da ciyawa da duwatsu, har mutum kan iya zuwa dab da ita bai gan ta ba.

Idan za ta tashi da kanta, takan ja gashin ta rufe ƙwan, ya ɓoye su daga idon maƙiyi kuma ya riƙe musu ɗumi. Idan kuwa firgita ta aka yi, sau da yawa takan fesa wa ƙwan kashi mai tsananin wari kafin ta tashi, abin da masana da dama ke ganin yana kashe wa yanyawar ƙanƙara sha'awar cin su. Wasu iyayen kuma sukan zaɓi maƙwabta masu faɗa: su yi sheƙa a tsakiyar mazaunin tsuntsun tan na Aktik, ƙaramin tsuntsun nan da ke ratsa gaɓar Afirka ta Yamma a ƙaurarsa ta shekara-shekara, wanda kan taru ya yi wa duk mai kutse rubdugu.

Kwana ɗaya ko makamancin haka bayan ƙyanƙyasa, uwa takan ja 'ya'yanta zuwa ruwa. A nan ne gal ke yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Maganin da iyayen suka samo shi ne haɗa 'ya'yansu wuri guda su yi renon taro, har da matan da ba su yi kwanci ba ko suka rasa ƙwansu. Idan maƙiyi ya sauko, 'ya'yan sukan dunƙule a tsakiya, manyan su kewaye su.

Duk waɗannan dabaru sun ginu ne a kan ɓuya da haƙuri, kuma sun dace da ɓarawon da ƙwai ɗaya ko biyu yake nema. Matsalar ita ce a cikin shekaru ɗari da suka wuce, ɗan Adam ya sauya mata irin maƙiyan da take fuskanta.

Baltik: nasarar da ta zo da asara

A farkon shekarun 1970 gaggafar teku mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Baltik. Gubar maganin ƙwari na DDT da sinadarin masana'antu na PCB sun taru a jikinta ta hanyar kifi, suka lalata mata haihuwa. Bayan an haramta sinadaran, masu kare muhalli kuma suka riƙa ajiye mata nama marar guba a lokacin sanyi, sai ta farfaɗo. A Finlan, 'ya'yan gaggafar da ke tashi a shekara sun ƙaru daga 'yan ƙalilan zuwa ɗaruruwa.

Gaggafa kuwa uwar take ɗauka, ba ƙwai ba. Lafewar da ke ruɗin hankaka ita ce ke sa mace mai kwanci a tsibiri marar bishiya ta zama nama a faranti. Masu bincike a tashar Tvarminne ta Jami'ar Helsinki, waɗanda suka shafe shekaru da dama suna bibiyar eida, sun nuna cewa kisan mata masu kwanci ya ƙaru, mata da yawa kan ƙi yin kwanci gaba ɗaya a shekarun da haɗari ya yi yawa, kuma maza sun zo sun fi mata yawa nesa ba kusa ba. Ga kuma minki, wata dabba mai kama da tunku da aka shigo da ita daga Amurka ta Arewa domin kiwon fata, ta tsere daga gonaki, ta kuma iya iyo zuwa tsibiran da a da suke mafaka.

Wannan rinjayen maza na cikin hujjojin masu goyon bayan farautar Aland, waɗanda ke cewa harbin namiji ba ya taɓa haihuwa. Kotu ta ga cewa Finlan ba ta tabbatar da cewa yawan agwagwar yana matakin da zai jure farautar ba. Tun 2015 ma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka eida a jerin tsuntsayen da ke dab da shiga barazana.

Kanada: beyar ya sauko tudu

A yankin Nunavut na arewacin Kanada, maƙiyin daga sauyin yanayi ya fito. Farin beyar yana farautar dabbar sil ne a kan ƙanƙarar teku. Da ƙanƙarar ta fara narkewa da wuri, sai ya riƙa sauka tudu daidai lokacin da eida ke kwanci. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya gano cewa kutsen beyar a mazaunin tsuntsaye na mashigin Hudson da kewayensa ya ninka fiye da sau bakwai tun shekarun 1980.

A tsibirin Mitivik, inda dubban eida ke taruwa, beyar guda kan bi sheƙa-sheƙa ya cinye ƙwai masu ɗimbin yawa a yini ɗaya. Taruwar da ke rage wa kowace uwa haɗarin gal ita ce ta zama masa rumbu, kuma tashin uwa daga sheƙa kan nuna masa inda ƙwai suke. Shi kansa beyar bai tsira ba, domin ƙwai ba sa maye masa gurbin kitsen sil.

Aislan: inda mutum ya zama mai gadi

A Aislan lamarin ya bi wata hanya. An haramta farautar eida tun 1847, domin manoma sun daɗe da gane cewa rayayyar agwagwa ta fi matacciya amfani. Sukan kafa tutoci, su kwana suna gadin mazaunin daga yanyawa da minki, wanda aka shigo da shi ƙasar a 1931. Ladansu shi ne gashin sheƙa, wanda sukan ɗiba su maye gurbinsa da busasshiyar ciyawa, ko su jira sai an ƙyanƙyashe. Ana buƙatar sheƙa kimanin 60 kafin a sami kilo ɗaya na tsabtataccen gashi. Ƙasar na samar da kusan tan uku a shekara, mafi yawan abin da duniya ke samu, kuma bargon da aka cusa shi kan kai dubban daloli. A tsibiran Vega na Norwe, waɗanda UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya a 2004, mata ne suka fi riƙe wannan sana'a, har ƙananan ɗakuna ake gina wa agwagin.

Wannan tsari ma yana da nasa tabon. Gubar da aka riƙa zuba wa yanyawa a Aislan ta kashe gaggafa da yawa, duk da cewa doka ta kare ta tun 1914, har sai da aka haramta gubar a 1964.

Tambayar da ke gaban mahukunta

A Finlan, gaggafa da eida duk suna ƙarƙashin dokar tsuntsaye guda ta Tarayyar Turai. Daga cikin abin da ke hannun gwamnati akwai rage minki da sauran dabbobin da aka shigo da su, kare tsibirai masu duhuwa inda mata ke samun mafaka, da taƙaita farauta. A Nunavut kuwa, inda al'ummar Inuwit ke cin ƙwan eida da namanta suna kuma tara gashinta, babu wata dokar gida da za ta hana ƙanƙara narkewa. Hayaƙin da ke narkar da ita daga masana'antu da motocin wurare masu nisa yake fitowa, kuma a teburin tattaunawar sauyin yanayi ne kaɗai za a iya rage shi.