Zaɓen Babur ɗin Ratsa Daji ga Mahayi Mai Ƙaramin Jiki da Ya Manyanta

Babur ɗin da ake ƙerawa don ratsa daji, wato bin siraran hanyoyi tsakanin itatuwa da duwatsu da kwazazzabai, dogo ne tun daga masana'anta. Ana so cikinsa ya yi nesa da ƙasa don kada injin ya daki dutse ko kututture, ana kuma so shakazoba ta samu wurin lotsawa har kusan santimita 30 idan taya ta faɗa rami. Waɗannan biyun su ke ɗaga sirdi sama. Baburan gasa irin su KTM 300 sirdinsu na kai wa kimanin santimita 96 daga ƙasa, alhali irin wanda 'yan acaɓa ke hawa yana wajen santimita 80 ne. Tazarar ba ta kai taƙi guda ba, amma ga gajeren mutum ita ce ke raba tsayawa da faɗuwa.

A Amurka da Turai da Japan da Ostareliya, inda ake wannan hawa don motsa jiki da shaƙatawa, akwai mahaya da yawa da suka fara tun suna samari, bayan Yamaha ta fito da DT-1 a 1968 sauran kamfanonin Japan suka biyo sahu. Yau sun haura sittin, ƙwarewa tana nan, jiki ne ya sauya. Yawan tsoka yana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma bayan mutum ya wuce talatin, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan sittin. Kwankwaso ba ya buɗewa kamar da, gwiwa tana ciwo, karaya kuma tana daɗewa ba ta haɗe ba. Sau da yawa faɗuwar daji ba a guje take zuwa ba. Babur ne zai tsaya cak a tsakiyar gangare, ko injin ya mutu a kan saiwa, mahayi ya miƙa ƙafa ta gefen da ƙasa ta yi zurfi, ƙafar ta rasa abin takawa, nauyi ya rinjaye shi. Matashi zai tashi ya kakkaɓe rigarsa. Dattijo kuwa yana iya kwana uku bai iya ɗaga hannu ba.

Abu na farko da ake aunawa shi ne tsawon ƙafar mahayi daga ƙasa zuwa matsematsi, yana sanye da takalmin hawa. Sai dai lambar da kamfani ya rubuta ba ta faɗin komai da komai. Sirdi mai faɗi yana buɗe cinyoyi ya cinye tsawon ƙafa, shi ya sa siririn sirdi mai santimita 88 kan fi faffaɗa mai 85 sauƙin kai ƙafa ƙasa. Haka kuma babur yana lotsawa idan an zauna a kai, kuma wani ya fi wani. Ƙwararru gajeru sukan zame gefe guda su dafa ƙasa da ƙafa ɗaya, dabara ce mai kyau, amma tana bukatar hanzarin da shekaru ke ragewa. Ga wanda ya manyanta, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ya iya dafa ƙasa da gaban tafin ƙafa biyu, ko ya shimfiɗa tafi ɗaya gaba ɗaya ba tare da babur ya karkata sosai ba.

Nauyi shi ma yana da tarko. Wasu kamfanoni suna rubuta nauyin babur ba fetur a tanki, wasu kuma da fetur da baƙin mai da komai. Litar fetur ta kai kimanin giram 740, don haka tanki mai lita takwas yana ƙara kusan kilo shida, kuma a can sama yake ƙara shi, inda ya fi rinjayar hannu. Wurin da nauyi ya zauna yana da muhimmanci kamar yawansa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a kwantar da babur a kan ciyawa, da izinin mai shi, mai son saye ya ɗaga da kansa: ya juya wa sirdi baya, ya tsuguna, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a ƙarfen baya, ya tura da cinyoyi, ba da gadon baya ba. In ya ɗaga da ƙyar yana cikin ƙarfinsa da safe, to ba zai iya ba da la'asar, a cikin taɓo, bayan ya sha faɗuwa.

A nan ne zaɓin ke yin wuya, domin a cikin manyan babura, waɗanda suka fi gajarta ba su ne suka fi rashin nauyi ba. Yamaha TW200, wanda aka fara sayarwa a 1987, sirdinsa santimita 79 ne kacal, yana da tayoyi masu kauri da ke riƙe yashi, kuma da irinsa ne ɗan Japan Shinji Kazama ya isa tsakiyar ƙanƙarar arewacin duniya a wannan shekarar. Amma da mai a ciki ya kai kilo 126, shakazobarsa kuma gajera ce, ba ta son gudu a kan duwatsu. Yamaha XT250 ya ɗan fi shi tsayi, ya fi shi iya titi, nauyinsa kuwa kilo 132. Honda CRF250F, wanda ya gaji CRF230F a 2019, yana da kilo 120 da sirdi mai santimita 88. A ɗaya gefen akwai Beta Xtrainer na Italiya, wanda ya fito a 2015: kimanin kilo 99 ba fetur, inji mai ƙarfi da aka lallasa don ya ja a hankali, sai dai sirdinsa santimita 91 ne.

Akwai wani rukuni da manya ke rainawa ba bisa hujja ba, wato baburan da ake ɗauka na yara da masu koyo ne. Kawasaki KLX140 mai manyan tayoyi, inci 21 a gaba da 18 a baya, yana da kilo 99 da mai a ciki, sirdi kuma santimita 86. Honda CRF125F mai manyan tayoyi da Yamaha TT-R125LE duka suna wajen kilo 90, sirdinsu tsakanin santimita 78 da 81. Ga mutumin da bai wuce kilo 65 ba, wanda burinsa ya zaga daji ya dawo lafiya, waɗannan sun cancanci a duba su da idon basira. Raunin ƙananan biyun shi ne tayarsu ba ta haye rami da dutse cikin sauƙi kamar babba, kuma dogon hawa mai yashi yana gajiyar da injinsu.

Wanda ya riga ya mallaki dogon babur yana da hanyoyin rage masa tsayi. Mafi sauƙi da rashin illa ita ce a feƙe soson sirdi, a rage santimita biyu zuwa uku, a kuma zabtare gefunansa. Matsalar wannan ita ce gwiwa za ta ƙara lanƙwashewa, tashi tsaye daga zaune kuma ya ƙara nisa, abin da mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa. Hanya ta biyu ita ce a sauya ƙarfen da ke haɗa shakazobar baya da gangar babur da wanda ya fi tsawo. Tana da arha, amma dole a sassauta shakazobar gaba a zame ta sama daidai gwargwado, in ba haka ba gaba zai ɗaga, babur ya ƙi shan kwana. Kuma idan an zarce, taya tana iya dukan ƙasan sirdi a wurin tsalle. Hanyar da ta fi inganci ita ce ƙwararren bakanike ya buɗe shakazobar gaba da ta baya ya rage tsawon lotsawarsu daga ciki. Ban da feƙe soso, duk sauran suna kusantar da injin ga ƙasa, don haka farantin kare ciki ya zama dole, ƙarfen da ake kafe babur da shi kuma sai an yanke shi. Babur ɗin da aka ƙera gajere tun asali ya fi wanda aka gajarta daga baya daidaito, kuma kamfanoni sun lura da bukatar: Honda CRF300LS da Kawasaki KLX230 S nau'o'i ne masu ƙasaƙasan sirdi na baburan da aka riga aka sani.

Game da inji, maɓallin tayarwa ya wuce abin alatu. Buga kik a kan gangare, da ƙafa ɗaya tana lilo, yana cinye ƙarfin da ake bukata don komawa gida. Injin da ke ja a hankali tun daga ƙasa ya fi mai fizga, domin fizga ce ke gajiyar da damtse. Kuloci mai taushi yana taimaka wa yatsun da sanyin ƙashi ya kama, akwai kuma irin na kamfanin Rekluse na Amurka da ke kamawa ya saki da kansa, ya hana injin mutuwa a wuri mai wuya. Wanda ya saka shi ya sani cewa babur yana iya gangarawa ko da yana cikin giya idan injin a kashe yake.

Sifirin shakazoba ma abin dubawa ne. KTM, alal misali, tana saita baburanta na daji don mahayi mai kilo 75 zuwa 85 da kayan hawansa. Mai kilo 60 ba zai danne irin wannan sifirin yadda ya kamata ba, sai babur ya tsaya ƙiƙam yana jijjiga shi. A manyan baburan daji ana so baya ya lotsa kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakarsa idan mahayi ya zauna, wato wajen santimita 10. Sauya sifirin da mai taushi daidai nauyin mahayi yana sauko da sirdi ya kuma sa tayoyi su riƙe ƙasa, shi ya sa ake fara yin sa kafin a taɓa soso ko ƙarfe.